Awa Ɗaya Ba Magana

A sashenmu Agogo ake ce mini, kuma ba don yabo ba. Nas ɗin sashen ce ta laƙaba mini, wai ko gaisuwa da minti nake auna ta. Ban taɓa musa mata ba. Ruwan allurar da muke aiki da shi ba ya jiran kowa. Mota ke kawo shi kowace safiya cikin tukunyar dalma mai nauyin tsiya, kuma tun daga lokacin da aka haɗa shi yake mutuwa, kafin awa biyu ta cika rabin ƙarfinsa ya tafi. To wanda kayan aikinsa ke narkewa a hannunsa, ina ya ga lokacin "ya gida, ya yara"?

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sukari ne da aka haɗa da wani sinadari mai fitar da hasken da ido ba ya gani. In na yi wa mutum allurarsa, sukarin sai ya bi jini, duk inda ake aiki tuƙuru a jiki can yake taruwa. Ciwon daji kuwa mayunwaci ne, ya fi kowa wawaso. Bayan awa ɗaya sai in kwantar da mutum a kan gado mai tafiya, ya shige cikin na'ura, wani ƙaton farin zobe, ita kuma ta tattara hasken ta zana mana hoton ciki. Inda sukari ya taru sai ya fito kamar garwashi.

Awa ɗayan nan ta jira ita ce komai. Ɗakuna uku muke da su, ƙanana, bangonsu da ƙofarsu duk akwai dalma a ciki. Kowanne da kujerar kishingiɗa, da bargo, da wata kujerar roba a lungu ta ajiye jaka, sai kyamara da lasifika a sama. Ba mai shiga, don a wannan lokacin shi kansa mutumin haske yake fitarwa. Ni ma shekara goma sha tara na yi ina koyon yadda zan soka wa mutum allura in bar wurinsa kafin ya gama cewa sannu. Akwai ’yar na'ura maƙale a ƙirjina tana lissafa duk kusantar da na yi wa mutane, ƙarshen wata a karanta.

Doka kuwa ɗaya ce, na faɗe ta har ta zame mini waƙa: ba waya, ba taunar komai, ba magana. Duk tsokar da ta motsa sukarin za ta ja, ta haska a hoto, ta ruɗa mu.

Wata rana aka turo mini wani dattijo, tsohon tela. Na gane tun kafin in duba takardarsa, domin yana zama ya ƙura wa rigar aikina ido ya ce, "’Yata, aljihunki ya fara warwarewa. Da bakin zare ɗaya aka bi shi." Muryarsa a dushe take, sai ka matso za ka ji. Fatar wuyansa ta yi baƙi saboda gashin na'ura da aka yi wa wurin wata biyu. Takardar ta ce ciwon daji ne a maƙogwaro, gefen hagu, an gama magani wata uku da suka wuce. Abin da ake so daga gare mu amsa ɗaya ce: ya mutu ko da saura. In da saura, likitan tiyata zai cire maƙogwaron gaba ɗaya, a huda masa wuya don numfashi. Zai rayu, amma shi da magana har abada.

"Wa ya rako ka, Baba?"

"Ɗana ya sauke ni a ƙofa. Yana da taro."

Na karanta masa doka, na ƙara da cewa, "Kai kam naka ya fi na kowa tsanani, tunda wuyan muke nema. Ko 'uhm' ban yarda ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Ya kalli ɗaki na biyu, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. "Ba a ji daga waje?"

"Ko ihu ka yi, sai in na danna maɓalli."

"Kuma ba mai shigowa?"

"Har awa ɗaya."

Ya ce to. Na yi masa allura, na rufa masa bargo, na rage fitila, na ja ƙofa. Ranar ina da wata mata a ɗaki na uku da jijiyarta ta ƙi samuwa, na yi ta fama har gumi, ban ko waiwayi kyamararsa ba.

Da hoton ya fito sai da na yi tsaki. Tushen harshe ja, maƙogwaro ja hagu da dama, kamar an kunna masa fitila a wuya. Likita ya zo ya tsaya a bayana yana taunar murfin biro. Yaro ne a kaina, Yaya yake ce mini, amma idonsa ba ya kuskure.

"Yaya, wannan mutumin hira ya sha."

"Da wa? Da bargo?"

"Oho. Amma duba, hagun ya ɗan fi daman. Can ciwon yake. Wataƙila maganar ce, wataƙila saura ne. Ba zan sa hannu in ce babu ba." Ya cire biron daga baki. "A sake sau ɗaya bayan mako uku. In ya sake fitowa haka, na tiyata ba zai ƙara jira ba, kuma da gaskiyarsa."

Da telan ya dawo jin sakamako ban bari ya kai ofishin Likita ba. Na tare shi a baranda, na zaunar da shi a benci, na buɗe masa hoton a fuska. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba.

"Baba, ka yi magana."

"Ni? Da wa?"

"Abin da nake tambaya ke nan. Wannan harshenka ne. Wannan maƙogwaronka. Ko mai talla a bakin titi bai kai ka ba. Na'urar nan ba ta san kara ba, kuma ba ta ƙarya. An ce baki shi ke yanka wuya, kai naka da gaske yake shirin yi. Ka san abin da za su yi maka kuwa?"

"Na sani."

"To don me?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya sa yatsa a kan jan wurin, a hankali, kamar mai taɓa yadin wani. Sannan ya ce, "Da uwar ɗana nake magana."

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da rasuwarta. Shekara arba'in da shida suka yi tare, kuma ba a gida kaɗai ba, har a shago: shi yana kan keke, ita tana gefe tana kalmasa da sa maɓallai. Ya ce bakinsu ba ya hutawa tun buɗe shago har rufewa, kuma ba wata maganar kirki ba ce, wane ya yi ƙiba wandonsa ya matse, wance ta kawo yadi rabi tana son riga da mayafi. Bayan rasuwarta ciwon ya bayyana, ɗansa ya rufe shagon ya ɗauke shi zuwa gidansa, hawa na huɗu.

"Ba su rage ni da komai ba," ya ce. "Kar ki ɗauki alhakinsu. Ɗaki mai kyau, magani a kan lokaci. Sai dai kowa da wayarsa. Bangon kuma kwali ne. Wata rana surukata ta ji ni ina ba wa tsohuwar labari, ta tsorata, ta gaya wa mijinta. Suka kai ni wurin wani likita, ya tambaye ni yau wace rana ce, ya sa ni ƙirga daga ɗari zuwa baya. Na ƙirga masa. Tun ranar na kama bakina." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Na san ta rasu, ’yata. Ni na sa hannu a takarda. Hankalina ɗaya. Amma labari ya taru. Sai ga shi kin kai ni ɗaki, kin ce ba a ji, ba mai shigowa. Shekara guda ina neman ɗaki irin wannan. Na ce bari in gaya mata abu ɗaya kawai."

"Me ka gaya mata?"

Ya lissafa mini da yatsu. Haƙorin jikansu ya fita. Keken ɗinkin yana ƙarƙashin matakala an rufe shi da leda, ba wanda ya ɗiga masa mai. Tun da aka gasa wuyansa abinci bai da ɗanɗano, komai kamar auduga. Kuma yana tsoron wuƙar.

Na so in ci gaba da faɗa, amma faɗan ya ƙi zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kaina ina da ɗa guda, yana aiki a wata ƙasa mai nisa, yakan turo saƙon murya na rabin minti, in saurara sau biyar in rubuta masa "Lafiya lau." In an yi hutun kwana biyu, ranar komawa aiki gaisuwar farko da nake wa mai gadi sai ta fito a shaƙe, don ban yi amfani da muryar ba. Ban gaya wa telan wannan ba. Cewa na yi, "Saura dama ɗaya. Ka yi mini alkawari."

Ya yi. Amma na ga idonsa lokacin da ya kalli ƙofar ɗaki na biyu, na san alkawarin ba zai kai minti goma ba.

Na je na sami Likita. "In mutum yana saurare kawai, zai ɓata hoto?"

"Kunne ba ya cikin abin da muke nema. A sa masa rediyo mana."

"Rediyo bai hana ni magana ni kaɗai ba, balle shi."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya koma kan aikinsa. Allah ya yi masa albarka.

Ranar da za a sake hoton na sa telan ƙarshen layi, wajen ƙarfe ɗaya na rana, don kar wani ya raba mini hankali. Ruwan ya riga ya yi rauni, sai da na ƙara yawan abin da na zuƙa. Kafin in soka masa na ce, "Yau ni zan yi magana, ta lasifikar can. Kai naka ji. In ka ji abin da ya kamata a ce 'to', ka ɗaga yatsa ɗaya, ina ganinka."

Nas ta ji. Ta riƙe baki tana dariya. "Agogo za ta yi hirar awa guda? Yau ko na rasa abincin rana sai na ga wannan." Na ce mata akwai takardu a tebur suna jiranta, ta tafi tana waiwaye.

Na zauna gaban talabijin ɗin kyamara, na danna maɓallin. Sai an riƙe shi yake aiki, ana saki ya yanke. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na fara da abin da na sani. Na bayyana masa na'urar, yadda take zagaye, yadda ake gwada ta kowace safiya, yadda ɗakinta ke da sanyi don ba ta son zafi. Na zuba duk ilimina na shekara goma sha tara, na kalli agogo: minti bakwai. Wallahi minti bakwai. A hoton kyamara yana kwance, fari da baƙi, ya ɗaga yatsa don ladabi.

Na koma kan motar haya da nake shiga, da direban da ke faɗa da kowa. Na ba shi labarin kyanwar maƙwabta da ke kwana a kan tagata, ba na ba ta komai amma ba ta fasa zuwa. Minti goma sha shida. Babban yatsana ya fara tsami, na canza hannu. Duk lokacin da na yi shiru na daƙiƙa biyar sai in ga kansa ya juya wajen kujerar robar da ke lungu, sai in yi sauri in cafko wata maganar.

Ban san lokacin da na shiga gidana ba. Na ji kaina ina gaya masa kujeru biyu gare ni a falo, ɗaya ta lotsa ɗaya sabuwa fil. Na gaya masa ina dafa abincin mutum biyu don ban iya auna na mutum ɗaya ba, in ci ragowar washegari ina jin haushinsa. Na gaya masa ina da ƙanwa a gari ɗaya da ni, shekara shida ba mu yi magana ba, a kan wata kalma da na faɗa ranar da mahaifiyarmu ke asibiti, kuma ni ce mai laifi, na sani, amma kullum sai in ce gobe. Ban taɓa faɗin wannan da baki ba. Kunya ta kama ni har fuskata ta yi zafi, sai dai ba halin tsayawa. Yatsa ya ɗagu, ya daɗe a sama.

A minti na talatin da takwas kayana suka ƙare ƙaf. Na buɗe baki, babu. Na ga ya juya gaba ɗaya wajen kujerar, na ga leɓɓansa sun rabu.

"Baba, rufe bakinka," na ce da ƙarfi. "Bari ni in gaya mata."

Ya tsaya cak.

Ban san sunanta ba. Na gyara zama, na ce, "Inna, sannu. Ba ki san ni ba, ni ce mai yi masa hoto. Yau an hana shi magana, shi ya sa ya aiko ni."

Na jira. Yatsa ya ɗagu a hankali.

"Ya ce in gaya miki haƙorin yaron da ya fita, wani ya fara tsirowa." Ban sani ba, ƙiyasi na yi, mako uku ai ya isa. Yatsa ya tabbatar. "Keken yana nan inda yake. Ni na ce in an ɗiga masa mai zai tashi, irin waɗannan ba sa mutuwa. Abinci har yanzu ba daɗi, amma Likita ya ce ɗanɗano yana dawowa, sai dai a hankali. Yana cin abin da aka ba shi. Ya rame kaɗan, ba sosai ba. Rigar da ya sa yau ruwan toka ce, maɓallanta shida, ina jin ke kika sa su, don ba wanda ya yi motsi."

Ya kai hannu ya taɓa maɓallin ƙirjinsa. Ban hana shi ba, hannu ba ruwanmu da shi.

"Inna, mijinki taurin kai gare shi, kin fi ni sani. Ya ɓata mini allura guda, na yi masa faɗa a baranda gaban mutane, ki yafe mini. Tsoro yake ji. Bai gaya wa ɗanku ba, ke kaɗai ya gaya wa, sai ni da na matsa masa. Ni ma ina jin tsoron, tun da safe ban iya shan ko shayi ba. Amma yau yana ƙoƙari. Minti arba'in da biyar ke nan bai ce uffan ba, ke da kika zauna da shi shekara arba'in da shida kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Kafaɗunsa suka girgiza. Dariya ce ko kuka, kyamarar ba ta da kyan da za ta nuna. Na ce, "Ba sauti, Baba," ya ɗaga yatsa. Haka na ci gaba da ita, na ba ta labarin sanyin ɗakin, da bargon da na ƙara masa, da yadda ya gano aibin rigata tun ranar farko. Har ƙanwata na sake kawo mata, na tambaye ta in ita ce me za ta yi. Da agogo ya buga na saki maɓallin, yatsana ya ƙi miƙewa. Na juya na ga Nas tsaye a bakin ƙofa da takardu a hannu, ba ta dariya. Ta ajiye su ta fita.

Ya shiga na'ura ya yi minti ashirin kamar gunki. Hoton ya fara fitowa daga kai zuwa ƙasa, layi bayan layi. Ƙwaƙwalwa ja, haka take ga kowa. Harshe shiru. Na riƙe numfashi har aka sauko wuya. Toka-toka, hagu da dama, ba ko ɗigo. Likita ya juya hoton ta kowane gefe, ya ƙara girma, ya rage, ya tauna bironsa har na ji ƙarar murfin. Sannan ya ce, "Yaya, babu komai a nan."

Bayan kwana huɗu ya zo aka gaya masa. Na gan shi ya fito daga ofishin Likita da ambulan a hannu, ya nufo tagar da nake zaune. Ranar layi ya cika, ɗakuna uku duk da mutane.

"An bar mini shi," ya ce, yana shafa wuya.

"Na gani, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

"Sun ce ba sai na sake shiga na'urarku ba. Can sama za a riƙa duba ni." Ya kalli ƙofar ɗaki na biyu, jar fitilar samanta a kunne. "Da mutum?"

"Da mutum. Ban daɗe da yi masa allura ba."

"Minti biyar kawai nake so. Ba ta ji ba tukuna."

"Sai nan da minti hamsin. In za ka jira, zan san yadda na yi."

Ya ce zai jira. Ya zauna a benci, ya ɗora ambulan a gwiwa. Bai yi minti uku ba wayarsa ta yi ƙara. Na ji yana cewa, "To. To, ga ni nan. A'a, an gama." Ɗan ne, ya tsaya a inda ba a tsayawa, masu gadi na damunsa. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya dawo tagar ya sunkuyo don in ji.

"In ɗakin ya zama ba kowa, ki gaya mata. Ta san muryarki yanzu."

Sai ƙararrawar ɗaki na ɗaya ta buga, na ruga can. Kafin in dawo ya tafi.

Ƙarfe uku muka sallami na ƙarshe. Nas ta ɗauki jakarta, Likita ya hau sama. Na naɗe barguna, na kulle tukunyar dalma, na rubuta abin da ake rubutawa. Sannan na zauna gaban talabijin ɗin. Ɗaki na biyu fayau, kujerar kishingiɗa da ta roba. Na danna maɓallin.

"Inna, ni ce. Hoton ya fito, babu komai. Ba za a yi masa aikin ba. Ya so ya gaya miki da kansa, aka zo ɗaukarsa."

Saƙon ke nan duka, bai kai rabin minti ba. Na daɗe ban ɗaga yatsana ba.